Farcen Jita na Goma Sha Bakwai

Zuwa ga mijina, sanyin idona, Dogona mai taka ƙasa a hankali kamar yana tsoron ta ji ciwo. Inuwar da nake fakewa idan rana ta tsaya a tsakar ka, ruwan da na sha har na manta ana ƙishi a duniya, ƙamshin ƙasa bayan yayyafin farko. Kai da idan ka yi dariya sai in ji kamar an buɗe tagogin gidan nan gaba ɗaya, iska ta shigo ta ko'ina.

Ina gaishe ka gaisuwar matar da ta yi wata uku da kwana tara tana dafa abincin mutum uku, mutum biyu suna ci. Ina fatan kana lafiya, kai da Yaya, babban ɗan'uwanka, da iyalinsa. Mu ma lafiya lau, in dai wannan ake kira lafiya.

Amma kada zaƙin kalmomin nan ya yaudare ka, masoyi. A shago nake rubuta maka. Na ture keken ɗinki gefe, na ɗora takarda a kan teburin yanka, kuma da ƙarfi nake danna alƙalamin nan har yana neman huda ta. Fushi nake yi. Mutum biyu nake fushi da su a duniyar nan, ɗaya na tsane shi, ɗayan ina son sa fiye da numfashina, kuma dukansu sai na rama. Ka gyara zama, don ba gajeriya ba ce.

Ka tuna ranar da ka fara shigowa shagon nan, tun yana hannun Gwaggo, ni ina koyon ɗinki a wurinta? Ka shigo da jita rataye a baya, sai da ka sunkuya kafin ƙofa ta yarda da kai, ka ce, "Don Allah ko kuna da maɓalli mai faɗi, marar kauri?" Gwaggo ta tambaye ka na wace riga, ka ce ba na riga ba ne, na kiɗa ne. Ta dube ka daga sama har ƙasa, tafiyar da ta ɗauki idonta lokaci mai tsawo, sannan ta ce da ni, "Ke, ba shi gwangwanin ya zaɓa, kada ya karye mana a nan." Ka juye maɓallan a kan wannan teburin da nake rubutu a kai, kana mana bayani cewa ɗan farcen roba da ake kaɗa tsirkiyar jita da shi ne ya ɓace maka, ga shi saura awa ɗaya ku hau dandamali. Ka ɗauki wannan ka lanƙwasa, ka ajiye. Ka ɗauki wancan ka ƙwanƙwasa shi a haƙori, ka girgiza kai. Na ce a raina, wannan in dai haka yake zaɓen maɓalli, matar da zai aura sai ta tsufa tana jira. Ashe ni ce, kuma wata bakwai kawai na jira.

Ko ka manta barandarmu da la'asar, lokacin da inuwar gidan maƙwabta take rarrafowa ta kwanta a ƙafafunmu? A nan ka koya mini riƙon farce. Ka zauna a bayana, ka ɗora jitar a cinyata, ka kama hannuna na dama ka shirya yatsuna ɗaya bayan ɗaya: babban yatsa a sama, gefen manuniya a ƙasa, sauran ukun a sake. Ka ce in bar ɗan bakinsa kawai ya leƙo, kamar harshen kyanwa mai barci. Ka ce in na matse shi wuyan hannuna zai sandare, sauti ya fito kamar ana kankarar tukunya, in kuma na sake shi zai tashi kamar fara ya bar ni da hannu banza. Ka nuna mini mai laushi, ka ce na mai koyo ne, yana yafe kuskure, yana shafar tsirkiya shida kamar iska a kan ciyawa. Ka nuna mini mai kauri, ka ce wannan ba ya yafiya, abin da hannu ya faɗa shi zai maimaita. Ina ta cewa "to, to, na gane," alhali ban gane komai ba. Hannunka nake kallo. Wace mace ce za ta koyi wani abu, numfashin wanda take so yana sauka a wuyanta?

Shekara shida ina tsintar faratanka a ko'ina. A aljihun wando idan na zo wanki, a ƙarƙashin matashi, a cikin takalmi, a bayan rediyo, sau ɗaya har a bakin 'yarmu tana rarrafe, ranar da na kusa cinye ka ɗanye. Ban taɓa yar da ko ɗaya ba. Ina wanke su in zuba maka a ɗan gwangwani, kai kuma ka zo ka juye kana zaɓe, kamar yau ka fara ganin su.

A wannan barandar kuma ka yi mini waƙata. Ina da cikin wata takwas, na fito da keke waje ina ɗinka wa jariri kaya, kai kana zaune a ƙasa ka jingina da bango. Ka yi shiru kana sauraron ƙafata a kan fedar keken, sai kawai na ji jitar ta fara bi na. Sau biyu ƙasa, sau ɗaya sama, sannan ka danne tsirkiyoyin da gefen tafin hannu su yi shiru, daidai inda nake tsayawa in juya yadi. Na tsaya, ka tsaya. Na ci gaba, ka ci gaba. Na yi ta dariya har ɗan cikina ya motsa. Na ɗauki waya na naɗi komai, da kiɗan, da ƙarar keken, da muryarka kana cewa, "Ki daina dariya mana, kina ɓata mini ma'auni." Wannan waƙar tawa ce, Dogo. Da ƙafata aka auna ta.

Yanzu bari in zo kan wanda na tsana.

Kai kana ce masa Shugaba, don shi ne mai bandinku, kuma shi ne mai rera waƙa a gaba. Ni kuwa tun ranar nan Mai Waya nake kiran sa, kuma da wannan sunan zan kira shi har a rufe ni. Shekara tara kana tsaye a bayansa. Shi ake haska wa fitila, shi ake ɗauka hoto, kai kana gefe kana ɗinke masa duk ɓarakar da muryarsa ta yi. Ban taɓa jin ka yi ƙorafi ba. Sannan ranar nan da hantsi, kuna sauko da babbar lasifika daga benen da kuke gwaji, shi a sama, kai a ƙasa, wayarsa ta yi ƙara. Mai hankali zai ce maka, "Dogo, dakata." Shi sai ya saki. Ya saki kaya mai nauyin mutum a kan matattakala, ya kai hannu aljihu, lasifikar ta sulalo ta haɗa manuniyarka ta dama da ƙarfen bene. Mai ganga ya faɗa mini da bakinsa cewa kana durƙushe kana riƙe da hannu, jini yana bin gwiwar hannunka, shi kuwa yana cewa a waya, "Zan kira ka, an ɗan samu matsala."

An ɗan samu matsala. Haka ya kira yatsan mijina.

Ina tsaye a kanka a asibiti lokacin da likita ya ce yatsan zai zauna, amma ba zai ƙara lanƙwasawa ba, kuma kansa ba zai ƙara jin taɓi ba. Ka dube ni ka yi murmushi don kada in yi kuka. Mai Waya ya zo sau ɗaya, da lemo a leda, ya zauna minti goma, takwas daga ciki yana duba wannan tsinanniyar wayar.

Da ya tsaya a nan, wataƙila da na bar shi da Allah. Amma ka san bai tsaya ba. Bayan wata biyu ka koma, don kai ba ka iya zama ba kiɗa. Wasan yamma ne a babban ɗakin taro, ina layi na uku, 'yarmu a cinyata da sabuwar rigar da na ɗinka mata don ranar. A waƙar farko farcen ya suɓuce maka, ka zaro wani daga aljihu, ba wanda ya lura sai ni. A ta biyu ya faɗa cikin ramin jitar, ka kifa ta kana girgizawa a gaban jama'a, na ga gumi ya keto maka a goshi. A ta uku, a waƙata, daidai wurin da hannunka yake kwaikwayon kekena, ya tashi sama ya faɗi a gaban mutanen layin farko. Kiɗa ya tsaya. Daƙiƙa biyar kawai kake buƙata, da aboki ɗaya da zai rufa maka asiri da 'yar magana. Sai ya matso da makirufo bakinsa, yana murmushin nan nasa na talla, ya ce, "Jama'a ku yi haƙuri, yau Dogo rabon kyauta yake yi. Duk wanda ya tsinta nasa ne."

Ɗakin ya kece da dariya. 'Yarmu ta waiga ta ga kowa yana dariya, ita ma ta fara, tana tafi da 'yan hannuwanta, tana cewa, "Abba, Abba." Ba ta san me take wa tafi ba. Yatsanka zan iya cewa tsautsayi ne. Amma wannan dariyar da ya sa a bakin 'yata a kan ubanta, wace ƙaddara ce zan jingina mata? Ita ce ba zan yafe ba, ko duwatsu za su narke su zama ruwa.

Sauran ka sani. Kwana shida bayan haka ya turo maka saƙo a waya, ko kira bai iya yi ba, wai ka huta tukuna, ƙanin matarsa zai riƙe maka wurin. Bayan wata guda muna karyawa, rediyo ya saki waƙata, mai gabatarwa ta ce sabuwar waƙa ce da Shugaba ya tsara. Ka ajiye kofi a hankali. Washegari da safe ka rataye jitar a ƙusa, ka ɗora gwangwanin farata a kan kekena, ka ce, "Ki ba yarinya ta yi wasa da su." Ka ɗauki jaka ka tafi garin Yaya, wai za ka taya shi tsaron shagon katako.

To a nan naka laifin ya fara, ya hasken rayuwata. Wa ya ce maka yatsa na aura? Wa ya ce maka idan mutane suka yi maka dariya, ni ce ya kamata ka hukunta? Kana kira sau biyu a mako, "Lafiya lau? Ya yarinya? To, sai anjima." Ni da na saba jin muryarka tana cika gida kamar ruwa a randa, yanzu ɗigo uku nake samu in kwana da su. Na shiga ɗaki in ga gefenka na gado a shimfiɗe ba ko lanƙwasa. Na fito baranda inuwar nan ta zo ta kwanta a ƙafata ni kaɗai. 'Yarmu ta tambaye ni ko Abba fushi yake da ita don ta yi tafi. Shekararta biyar, Dogo, kuma ta gane. Me kake so in ce mata? Ka bar ni kamar itacen da aka sare wa reshen da tsuntsaye suke sauka, yana tsaye, yana da ganye, amma ba mai yi masa waƙa.

Na yi kuka wata guda. Daga nan Mai Waya ya yi kuskuren zuwa shagona.

Ranar Talata ce, ina guga. Ya shigo da yadi a hammata, yana ƙamshin turare kamar ya yi wanka da shi, ya ce, "Matar ƙanena, sannu da aiki. Ya labarin mutumin?" Wai riguna yake so in ɗinka wa 'yan bandi, iri ɗaya, don yanzu ana gayyatar su wurare. Na ce ya tsaya in auna shi. Na auna kafaɗa, na auna hannu, na zagaya tef a wuyansa. Allah ne kaɗai ya san abin da zuciyata ta ce da ni a lokacin da tef ɗin nan yake wuyansa, kuma na gode masa da ya riƙe mini hannu. Yana tsaye ina rubutu, sai ya rage murya ya ce, "Af, wai ni kam, Dogo bai bar wani ɗan rubutu ba, na yadda yake kaɗa tsakiyar waƙar nan? Ko da irin farcen da yake amfani da shi ne. Yaronmu yana ta ƙoƙari, amma abin ba ya zama."

Ashe ba ɗinki ya kawo shi ba. Abin ba ya zama. Wanda aka saki a rediyo tsohon naɗi ne, da hannunka a ciki, su kuwa duk inda suka je suka kaɗa ta, tsakiyar tana rushe musu kamar ginin da ba a sa wa siminti ba. Na ji wani sanyi ya ratsa ni tun daga ƙeya har tafin ƙafa, sanyin daɗi. Na naɗe masa yadinsa tsaf, na ɗaure, na miƙa masa da hannu biyu. Na ce, "Ranka ya daɗe, allurata ba ta shiga kayan mai sakin kaya. Ka kai wa ƙanin matarka, wataƙila ya iya ɗinki." Wayarsa ta yi ƙara. Na ce, "Ɗauka mana, ai ba ka riƙe da kowa." Mata biyu da suke jiran ɗinki suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Ya fita bai yi sallama ba.

Wannan ɗanɗano ne kawai. Ban ƙoshi ba.

Tun ranar na sauke jitar daga ƙusa. Na ce ni tela ce, aikina shi ne in sa abu ya zauna a jikin mutum yadda Allah ya halicce shi, mai ƙusumbi da mai tumbi duk na ɗinka musu sun fita kunya. Yaya za a yi ɗan guntun roba ya gagare ni? Na samo ɗan tsinke na ɗaure shi a manuniyata ta dama da filasta, don ta miƙe ta sandare kamar taka, na naɗe kanta da ƙyalle don kada ta ji taɓi. Kullum in na rufe shago da yamma sai in ɗaure yatsa in zauna a baranda. Duk abin da ka koya mini ranar da ba na saurare, sai ga shi yana dawo mini ɗaya bayan ɗaya, da muryarka.

Na fara da naka na gwangwani. Masu laushi suna lanƙwashewa su zame, masu kauri tsirkiya tana fizge su. Na fahimci abin da ya same ka: yatsan da ba ya ji ba ya sanin farce ya fara juyawa sai ya tafi, kai kuma don tsoro sai ka ƙara matsewa, matsewar ta kawo gumi, gumin ya kawo santsi. Na kankare ɗaya da sanfefa, takardar nan ta goge katako, ya yi waƙa guda ya gudu. Na manna wa wani robar tayar keke, ya zauna, amma sautin ya mutu. Na huda wani da allura mai zafi, huda uku, don naman yatsa ya shiga ya kama, ya fi na baya, amma a bugun sama yana juyawa. Na yanka katin banki, na yanka murfin bokiti, na yanka matajin Gwaggo, Allah ya jiƙanta, ta yafe mini. Wani ya faɗa ramin jitar na yi rabin awa ina girgiza ta ina zagin Mai Waya da kakanninsa. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce, "Maman yarinya, wai kiɗa kike ko kaza ake yankawa?" Yatsun hannuna na hagu suka yi ƙuraje, suka fashe, suka yi kanta. Na yi guda goma sha shida, duk na zubar.

Mai gyaran takalman bakin layinmu ne ya buɗe mini ido, bai ma san ya yi ba. Na kai masa takalmin yarinya, na ga yadda yake sa wata 'yar fata a babban yatsa in zai ja zare. Na roƙe shi guntun fata mai laushi. Na dawo na zaɓi farce matsakaici, ba laushi ba kauri, na huda shi, na ɗinke shi a jikin fatar da zaren da nake ɗinka jakunkuna, na mai da fatar zobe mai shiga babban yatsa. Na karkatar da bakinsa kaɗan, don ya kwanta a kan yatsan tsakiya, manuniya ta koma gefe ta huta abinta. Yanzu ba sai an matse shi ba, don ba inda za shi. Na gwada shi da hannu busasshe, na gwada da jiƙaƙƙe, na shafa man keke na gwada. Na buga da fushi, na buga da dukkan fushin wata uku, tsirkiya ɗaya ta tsinke, shi yana nan. Sannan na yi sau biyu ƙasa, sau ɗaya sama, na danne da gefen tafi. Kiɗan ya fito, Dogo. A karkace, a gurguje, amma ya fito. Na kifa kaina a kan jitar na yi kukan da ban yi ba tun asibiti.

Shi ne na goma sha bakwai, kuma shi ne abin da ka ji yana motsi a cikin ambulan ɗin nan. Na auna faɗin zoben da tsohuwar safar hannunka. In ya yi maka yawa, akwai ɗan zare a gefe, ka ja.

Saura ka ji abin da na shirya wa mutuminka. Mai gabatar da shirin kiɗan nan, wadda ta kira waƙata tasa, ni nake mata ɗinki. Da ta zo gwajin riga, na zaunar da ita, na sa mata naɗin barandarmu a kunne. Ta ji keken, ta ji jitar tana bin sa, ta ji muryarka, ta duba kwanan watan da yake kai, shekara biyar da suka wuce. Ta cire abin kunnen ta ce, "'Yar'uwa, wannan mutumin ya sa na yi ƙarya a gaban masu saurarona." Tun ranar ba ta ƙara sa waƙar ba. Ta gayyace shi shirinta na kai tsaye, ranar Asabar ta sama, ƙarfe huɗu na yamma, shi da sabon makaɗinsa, ta gaya masa akwai baƙo na musamman da zai zo. Mai ganga ya ce mini har sabon takalmi ya saya, yana zaton wani babban mutum ne.

Za ta ce su kaɗa waƙar. Za su zo tsakiya, ta rushe musu, gari yana ji. Za ta tambaye shi yadda aka yi ya tsara ta, a ina, yana kallon me. Ina so in ji abin da zai ce. Ina so in ga ya lalubi aljihu yana neman wayar da za ta cece shi, a ɗakin da ake kashe waya kafin a shiga. Sannan ta sa naɗin. Sannan a buɗe ƙofa.

Ba na so a dake shi, ba na so a zage shi. Ba na ma so ya ba ka haƙuri, haƙurinsa ya riƙe abinsa. Daƙiƙa biyar nake so, irin waɗanda ya hana ka. Daƙiƙa biyar na shiru, makirufo a gabansa, ba abin faɗa, ba kuma mai rufa masa asiri. Bayan su sai ka fara, da hannun da ya ce ya huta. Ina so matarsa ta ji a kicin, ƙaninta ya ji a kusa da shi, duk wanda ya yi dariya a ɗakin taron nan ya ji a shagonsa da motarsa. 'Yarmu kuma za ta zauna a cinyata a bayan gilashi, wannan karon ta san me take wa tafi.

Na san ka. Na san yanzu ka ajiye takardar nan a kan katako kana cewa, "Ita dai ba ta barin abu ya wuce." Na san za ka ce ka yafe, za ka ce Allah ya fi mu sani. Ka yafe naka, ba na hana ka, zuciyarka fara ce kamar auduga, don haka ma nake son ka. Amma nawa ban yafe ba, kuma waƙar tawa ce. Ba roƙon ka nake ka yi faɗa ba, masoyi. Roƙon ka nake ka dawo mini da abina. Ɗan Yaya na fari yana da tsohuwar jita, na sani, ni na ɗinka mata jaka. Ka ara. Kana da kwana goma sha biyu. Ranar farko hannunka zai yi maka gardama, ta biyu ma haka, kada ka matse, ka bar wuyan hannu ya yi aikinsa. Ka ga, yau ni ce nake koya maka.

Ka zo, ya ruwan sanyina, ka zo. Gidan nan ya yi mini faɗi kamar fili, dare da rana duk launinsu ɗaya. Ina kewar tarinka da safe, ina kewar dogayen ƙafafunka da nake tuntuɓe da su, ina kewar yadda kake cewa abinci ya yi daɗi tun kafin ka ɗanɗana. Ina kewar hannunka, duk yatsunsa biyar, har da wanda kake ɓoyewa a aljihu. Shi ma nawa ne. Shi na fi so in sumbata.

In kuwa ka ƙi, to ga ramuwata a kanka, kuma ka san ba na faɗar abin da ba zan yi ba. Ranar Asabar ƙarfe huɗu za a buɗe ƙofar nan ko kana nan ko ba ka nan. Ni zan shiga, da yatsa a ɗaure da filasta. Zan zauna a gaban makirufo in kashe waƙar nan kisan wulaƙanci, tsirkiya bayan tsirkiya, in kuma aka tambaye ni wa ya koya mini, zan faɗi sunanka sau uku a fili, da na unguwarku. In hakan bai ishe ka ba, ranar Litinin zan hau mota in zo garin Yaya, in shimfiɗa tabarma a ƙofar shagon katako, in yi ta kaɗawa daga safe har yamma, sai masu saye sun ƙaurace wa layin, sai Yaya da kansa ya ɗaure maka jaka ya roƙe ni in tafi da kai.

Ka zaɓa. Ko wanne ka zaɓa, tare za mu koma gida.

Ni ce taka, jiya da yau, da ranar da gashina zai yi fari idona ya kasa zura zare a allura. Ban kalli kowa ba, ba zan kalla ba, ba kuma zan daina son ka ba ko da ina fushi, wanda nake yi. In ka zo ranar Asabar, zan yafe maka ranar Lahadi.

Matarka.